Tayoyin da Suka Fi Kwarin Kunya Faɗi

Jiya a Ƙanƙara na tarar da mai faci yana kwance tayar tarakta. Warin robar ya mai da ni ƙauyen Tafoki, can gonar ƙanen mahaifina.

A shekarun da kuɗin man fetur ke zuba, aka ƙara mana albashi, sai na sayo wa tsohuwar taraktarsa tayoyin gaba masu faɗi, don siraran nasa sun suɗe. Ban shawarce shi ba. Ya shafa su da tafin hannu, kamar yadda yake wa duk abin da zai shiga gonarsa, ya ce, "Tayar gaba sanin hanya ake nema gare ta, ba ƙarfi ba."

Muka ɗaura, muka shiga gona. Ashe sun fi kwarin kunyarsa faɗi. Ina jin dawa tana karyewa ƙaras-ƙaras.

Na ce, "Baba, mu cire su."

Ya ce, "Mi ya yi zafi? Bar su."

Da damina ta zagayo, sai ya buɗa kunyoyin gonar duka don tayoyin su samu hanya, amfaninsa ya ragu. Har ya rasu bai tayar da zancen ba. Kara ya yi mini ko horo? Har yau ban sani ba.

Allah ya yalwata masa kabarinsa, fiye da yadda shi Baba ya yalwata wa wautata.