Haƙoran Teku a Tudun Wurno

Litinin: daga Jushi zuwa Sakkwato

Ina idar da sallar asuba, ƙarfe biyar da rabi, na ce wa jikata Hadiza ta ɗauko jaka. Ubanta yana tsaye a bakin ƙofa ya harɗe hannu. Ɗana ne na fari, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba.

Ga yadda abin yake. Hadiza tana shekarar ƙarshe a jami'a a Samaru, tana karatun duwatsu. Aka ce ɗalibai za su je ƙasar Sakkwato su tono ƙasusuwan kifin teku, kowa ya rubuta aikinsa a kan abin da hannunsa ya samo. Abokan ubanta a kasuwar Sabon Gari suka yi ta yi masa dariya, wai teku a Sakkwato! Ya dawo gida ya ce yawo ne kawai, ta ajiye karatun ta zo shago ta riƙa auna masa yadi. Na ce ni zan raka ta. Ya ce to, amma in ta dawo hannu wofi, karatu ya ƙare. Na ce na ji.

"Inna, ƙafarki fa?"

"Ta kawo maka ƙara ne? Matsa mu wuce."

Ni ma fa ban yarda da tekun nan ba. Na tafi ne in gani da idona, in ƙarya ce ni zan fara ja mata kunne.

Keke ya bi da mu ta Kwangila, shida muna Samaru. Bas ɗin makaranta ne, ɗalibai goma sha takwas, uku mata. Shugabar tafiyar Malama Rifkatu ce, 'yar kudancin Kaduna, mace mai kama kai. Direba ya dube ni ya ce, "Hajiya, ke ma ɗaliba ce?"

"Ni ce mai sa ido a kan ɗalibai, har da direba. Ka taka a hankali."

Bakwai saura kwata muka tashi. Shika, Giwa, takwas da kwata muka sha koko da ƙosai a Funtuwa. Daga nan har Gusau motar ta yi tsit, kowa ya san halin hanyar, ni dai carbi nake ja ina ƙirga shinge har tara. Muka yi azahar a Talata Mafara, ƙarfe huɗu muka shiga Sakkwato. Direba ya ce mun ci kusan kilomita ɗari huɗu, ƙuguna kuwa ya ce sun fi haka. Aka sauke mu a ɗakin kwanan ɗalibai mata na wata makaranta. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka, gishiri ya yi yawa, na kuma gaya wa mai abincin.

Talata: Wurno

Bakwai muka fita, tafiyar awa ɗaya. Muka bar mota muka ratsa lambunan albasa a ƙafa, minti ashirin, har gindin wani tudu da ruwan sama ya zaizaye. Jikinsa hawa-hawa ne, fari, ruwan toka, ja-ja. Rana kamar ta fasa kai.

"Malama, ina tekun?"

"Mama, a ƙasansa kike tsaye."

Ban yi dariya ba, sai ta gyara tsayuwa ta yi mini bayani. Ta ce in kifi ya mutu ya nutse, wani sa'in laka takan rufe shi kafin ya watse. Tsoka ta ruɓe, ƙashi da haƙori su saura. Laka ta hau kan laka, nauyi ya danne, ruwan da ke ratsa ƙasa ya riƙa shiga ƙashin yana barin sinadarin dutse a ciki, har ƙashin ya koma dutse da siffarsa. Daga baya tekun ya janye.

"Wane hawa ne ya fi tsufa?" na ce.

"Mama, Hadiza ta ce waina kike toyawa. In kin jera a kwano, wacce kika fara toyawa?"

"Ta ƙasa."

"Haka nan ma. Kuma abin da ya rayu a hawan ƙasa, wani ba ka sake ganinsa a na sama. Ya ƙare, wasu sun zo."

Na tambaye ta ko ruwan Ɗufana ne. Ta ce a'a, wannan tun ba a yi ɗan Adam ba. Na ce Allah ya fi mu sanin lissafinsa, amma ni sai na taɓa.

Aka raba wa kowa wurinsa da 'yar guduma. Maza da suka sami farin dutse nan da nan suka fara ihu, wannan katantanwa, wancan ɓallin ƙoƙon kififiya. Na karɓa na juya, dutse ne, kuma katantanwa ce. Hadiza kuwa hawan toka ya faɗo mata, busasshiyar laka ce, ta buga sai ta ruguje. Har azahar ba ta da ko ƙwaya, kuma ranar kaɗai aka ware don tono. Ina zaune a inuwa na ga wani ɗalibi ya zo ta bayanta ya ajiye mata katantanwa ɗaya cikin nasa. Ta ɗago ta dube ni, idonta ya kawo ruwa.

"Mayar masa," na ce. "Ba mu kai wa ubanki kayan aro."

"Kaka, to karatuna ya ƙare ke nan."

Na ɗebi lakar na murje a tafin hannu. Shekara talatin ina gyaran shinkafar waina, yatsana ba ya ɓatan tsakuwa. Na ji wani abu mai tauri, ƙarami. Wa ya taɓa neman tsakuwa a shinkafa da guduma? Na gangara lambu na aro ƙwarya biyu da bokitin ruwa wajen wata mata.

"Zauna ki rege."

"A gaban mutane, Kaka?"

"Kunyar ƙwarya kike ji, ba kya jin kunyar komawa hannu wofi? Ni na koya miki, kuma ba zan taɓa miki ba, aikinki ne."

Ta jiƙa lakar ta narke, ta riƙa juya ƙwarya tana tsiyayewa. Mazan suka taru, wani ya ce yau Hadiza tuwo za ta yi mana. Ta fari ba komai. Ta biyu ba komai. A ta uku wasu baƙaƙen abubuwa suka kwanta a ƙasan ƙwarya suna sheƙi, masu tsini kamar ƙaya, ɗaya kuma faffaɗa. Malama ta durƙusa a cikin caɓi da siket ɗinta. Ta ce haƙoran ƙaton kifin teku ne mai cin nama, faffaɗan kuma na wani ne mai murƙushe katantanwa. Ta ce su malamai sai sun kwashi ƙasa zuwa Samaru sun yi mako suna wankewa, ba su ma san ko da abu a ciki ba. Kafin la'asar Hadiza ta tara arba'in da ɗaya, mai maganar tuwo kuwa yana layin aron ƙwarya.

Laraba

Suka yi ta awon tudu da rubuce-rubuce. Ni na zauna a masauki na jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi.

Alhamis: komawa gida

Shida da rabi muka bar Sakkwato. A wani shinge kafin Gusau, jami'i ya ga buhunan dutse ya ce a sauke, ko ma'adinin zinari ne. Malama tana neman takardar izini, na kwance ƙyallen da Hadiza ta ƙulle haƙoran a ciki na miƙa masa.

"Yaro, ka taɓa ganin zinari da haƙori?"

Ya duba, ya duba takarda, ya ce, "Mama, Allah ya kiyaye hanya."

Biyar saura muka iso Jushi. Ubanta ya rufe shago da wuri, yana zaune a kan benci. Ban gaishe shi ba, shi ya gaishe ni. Hadiza ta ɗora masa haƙori mafi girma a hannu. Ya danna tsinin da ɗan yatsa, ya janye da sauri yana tsotsa.

"Wannan a tudu?"

"A tudu, kuma ita ta samo."

Ya daɗe yana juya shi. Ya ce, "Amma Inna, ba kullum za ki riƙa bin ta ba."

"Ba zan ƙara bi ba. Ita kaɗai za ta je, kai za ka kai ta mota."

Bai ce a'a ba. Sai ya ce a ba shi wannan ɗin ya nuna wa 'yan layinsu a kasuwa. Hadiza ta karɓe abinta ta ce an sa masa lamba, gobe za ta miƙa, mai son gani ya zo Samaru. Asabar ya ɗauki biyu cikin masu dariyar nan a motarsa, suka je.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Malama da direba, da baiwar Allahn nan mai lambu da ban ko tambayi sunanta ba.