Rakiyar Gwaggo Tambari

Jama'a, a gyara zama, a rage rediyo. Ga Gwaggo Tambari, sarauniyar masu fura ta tashar jirgin Ƙaura Namoda, wadda ƙarar taɓaryarta ke tada unguwa kafin ladan ya yi gyaran murya, mace ɗaya tilo da baƙi suka taɓa gudu saboda karamci.

Tun muna cikin jihar Sakkwato abin ya faru. Ƙullutu ya fito mata a mama, aka yi shafe-shafe bai tafi ba, aka sa ta a jirgi sai Zariya. Can aka ce ciwon daji ne, aka yi aiki aka cire maman dama. Ranar sallama likita ya ja mata kunne: ta sha magani, ta riƙa dawowa ana duba ta, kuma kullum ta taka ƙasa, ta ɗaga hannun sama, in ba haka ba kafaɗar ta sandare. Gwaggo ta dubi hannun. Na daka ne fa. In ya tafi fura ta tafi, ta koma tsohuwar da ake miƙa wa tuwo a ɗaki.

To, a Ƙaura mai jinya kwanciya aka san shi da ita. A zo a ce sannu, ya amsa da ƙyar. Ɗanta Shu'aibu ya ɓoye taɓarya a rumbu, matarsa Maimunatu ko buta ba ta bari ta ɗauka. Ran da suka same ta tana hawan bango da yatsu kamar ƙadangare, yadda aka koya mata, sai suka turnuƙe ɗakin da hayaƙi, wai iskokin asibiti sun biyo ta.

"Inna, ki ruha mani asiri," in ji Shu'aibu. "In anka gan ki waje, cewa za a yi na kasa riƙon uwata."

Kafaɗa kuwa ta fara ƙin kaiwa ko ga ɗankwali.

Ana nan sai ƙawarta Indo ta zo dubiya daga Sakajiki. Da ta miƙe za ta tafi, Gwaggo ta jawo mayafi.

"Ina zuwa, Inna?" in ji Maimunatu.

"Rakiya. Ko gidanga an hana raka baƙo?"

Wa zai ce an hana? Ta raka Indo zaure, ta raka ta bakin masallaci, ta wuce rijiya. Can ta tsaya ta ɗaga hannun dama iya inda ya kai, tana "a gaida gida" har idonta ya kawo ruwa. Ita kuma Indo ba ta iya barin mai jinya ta koma ita kaɗai, ta rako ta gida. Suna isa Gwaggo ta juya. Ai baƙuwa ba ta tafiya ba rakiya. Ranar motar Sakajiki ta bar Indo.

Daga nan duk wanda ya shigo da sannu, da gumi yake fita. Wakili, wani dattijo mai tumbi daga Zurmi, ya kawo ƙwan zabi, ta raka shi har ya zube gindin tsamiya yana haki, mai jinya na tsaye tana yi masa fifita da mayafi. Hannun bankwana da ke tsayawa a ƙirji ya kai kunne, ya wuce kai. Mutane suka koma leƙowa daga zaure: "Ku ce mata mun zo, don Allah kada ku tashe ta." Da baƙi suka ɗauke ƙafa, ta shiga raka mai tallan kalanzir.

Shu'aibu da kansa ya hau rumbu ya sauko da taɓarya.

"Inna, ga ta. Ki bar mutane su tahi gidajensu."

Ta fara da daka kaɗan, tana hutawa. Damina ba ta fita ba ƙwaryarta ta koma tasha, in lokacin dubawa ya yi ta hau jirgin Zariya da furarta ta sayar a hanya.

A tasha na same ta, na gyara hula na ce, "Gwaggo, zan sa ki a takarda, duniya ta san jarumar da ta kori ciwo da ƙafa."

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"To. Matsa can, ka tare mani masu saye."