Sojan da ya tayar min da kyamara

Jama'a, yau soja ya gyara min kyamara a shingen bincike. Wallahi ba wasa nake ba.

Kun san babbar kyamarar bidiyon nan da na sayar da filina na saya. Kwana uku ta ƙi kamawa. Mai gyara a Gamboru ya ce ta ƙone, in haƙura. Ga shi gobe ina da ɗaukar biki.

Ina dawowa a Keke Napep aka tsayar da mu. Soja ya nuna kular da ke kan cinyata, ya ce, "Baba, buɗe." Na buɗe. Ga kyamara naɗe da tawul, kwance kan ƙanƙara.

Ya ja baya, ya gyara riƙon bindiga. Ya ce in kunna ya ga abin da na ɗauka, ko ta kwana a bariki. Na ce ta mutu.

Ya ce, "Me ya kai ta cikin ƙanƙara?"

Na ce, "Yallaɓai, zafin garin nan. Gudu nake kada ya lalata ta."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, ai kai ka kashe ta. Danshi ne ya cika mata ciki."

Ashe kafin ya shiga soja bidiyon biki yake ɗauka. Ya cire batir, ya buɗe murafenta, ya shanya ta kan buhun yashi. Muka zauna kusan awa guda. Ya mayar da batir, ya danna. Ta kama!

Ya kalli bidiyon sunan jikata, ya miƙo min ita. Ya ce, "Kyamara ba ta da laifi, tafi da ita. Ƙanƙarar ce muka kama."