Faifai Na Biyu Yana Parakou

Duk wanda ya san Goggo Rabi a Djougou ya san ba a zuwa sayen goro wurinta ranar Juma'a bayan la'asar. Sai ta yayyafa wa huhun ruwa, ta rufe shi da ganye, ta ja kujerarta gaban tele, ta sa faifan nan nata. Shekara kusan ashirin tana kallon fim ɗaya, kuma rabinsa kawai.

Tsohon fim ne na Turawa, baƙi da fari, da Faransanci. Wata ya da ƙanwarta ne a wani ƙaton gida, su biyu rak. Babu aljani, babu jini. Yayar dai za ta tashi ta tarar an juya madubinta yana kallon bango, gobe ta ga takalminta cike da yashi, ƙanwar kuwa tana zuba mata shayi tana murmushi. Ni 'yar ƙanin Goggo Rabi ce, a gidanta na tashi, kuma har yau ba na son mai zuba mini shayi yana murmushi.

"Dubi idonta," Goggo za ta ce, tana nuna tele da ɓarin goro. "Wanda ya yi fim ɗin nan ya san mutane. Turawa dai ba su da zumunci, wallahi. Ciki ɗaya, a ce ba a ga-maciji?"

Mu kuwa sai mu sunkuyar da kai, don kowa ya san Goggo tana da ƙanwa, Goggo Ladi, a Banikanni can Parakou, kuma ko gaisuwar Sallah ba ta haɗa su.

Fim ɗin ne ma ya raba su. Bayan mazajensu sun rasu sun zauna gida ɗaya, suka sayi fim ɗin tare, faifai biyu a kwali ɗaya kamar yadda ake sayarwa a lokacin. Na farko ya ƙare daidai inda yayar ta kama hannun ƙofar ɗakin ƙanwar. Kafin a sa na biyu, Goggo Rabi ta ce ƙanwar nan muguwa ce. Goggo Ladi ta ce ai sai an tambayi abin da yayar ta yi mata tun suna yara. Daga nan aka bar Turawa, aka koma kan wadda uwa ta fi so, da wadda aka bar wa tasar tagulla. Washegari Goggo Ladi ta shiga taksi zuwa gidan ɗanta, faifai na biyu yana cikin jakarta.

An taɓa turo Malam Idi, limamin unguwarmu, ya yi mata nasiha. Ya zo ranar Juma'a, shi ne kuskurensa.

"Hajiya, yanke zumunta..."

"Zauna, Malam, ka ga yanke zumunta da idonka."

Ya zauna don kunya. Da aka zo wurin madubin, na ga ya ja carbinsa ya matsa kusa da ƙofa. Da faifan ya ƙare, shi ne ya fara magana: "To, sai me ya faru da ta buɗe?"

"Je Parakou ka tambaya," in ji Goggo. Ya tafi bai yi nasihar ba.

Da na yi aure na sami babbar waya, na nemo fim ɗin gaba ɗaya, na kalla. Ƙarshensa ba daɗi: ƙanwar ta tura yayar rijiya, ta dawo ta ci gaba da zuba shayi kofi biyu. Na kawo wa Goggo wayar ina murna.

"Goggo, ga ƙarshen, minti arba'in ne kacal."

Ko kallon wayar ba ta yi ba. "Bon. Ni na ce miki ƙarshen ya ɓace? Na san inda yake. Wadda ta ɗauka ita za ta kawo."

Ranar na gane me take jira duk Juma'a, kuma na ji tausayinta.

Bara ciwo ya kwantar da ita. Na buga waya Banikanni ban gaya mata ba. Goggo Ladi ta ce ƙafafunta ba sa son mota. Bayan kwana biyu, da hantsi, sai ga zemijan, wato ɗan acaɓa, a ƙofar gida, ga ta a baya, ta rungume jaka. Ta shigo ta tsaya a kan yayarta.

"Yaya, kin rame."

"Ke kuma kin tsufa. Kin kawo?"

Ta kawo, a naɗe cikin ɗankwali. Na sa shi a na'ura, ya yi ƙara, ya tsaya. Na goge da zane, na hura, ya ƙi. Ashe ita ma can duk Juma'a take kallon rabinta, har ya karce.

Goggo Ladi ta zauna a bakin gado. "Bari in gaya miki da baki. Da ta buɗe ƙofar, ta tarar da ƙanwar tana kuka. Ta ce, Yaya, ki yafe mini. Yayar ma ta ce ki yafe mini. Suka sha shayinsu. Shi ke nan."

Na buɗe baki, Goggo Ladi ta harare ni, na rufe.

Goggo Rabi ta kalli rufin ɗaki. "Shekara ashirin ina kallon idon yarinyar nan," ta ce. "Ƙarya kike yi, Ladi." Sai ta lalubo hannun ƙanwarta ta riƙe. "Amma bar shi haka. Naki ya fi."

Kwana huɗu suka samu, kuma rabinsu a kan tasar tagulla suka ƙare. Da Goggo Rabi ta rasu, Goggo Ladi ce ta yi mata wanka. Faifan biyu yanzu suna kwali ɗaya a ɗakina, ba wanda ke kallo.

Ya Allah, ka yafe wa Goggo Rabi, ka sanyaya makwancinta, ka ba Goggo Ladi haƙurin Juma'o'in da suka rage mata. Ka haɗa su inda ba a rabuwa. Amin.