Kafintan da Ake Kira Ba Komai

Sunansa na yanka ya ɓace tun yana yaron shago. Ka taka masa ƙafa, ba komai. Ka karya masa zarto, ba komai. Har marigayiya matarsa da haka take kiransa in abinci ya sauka.

Shagonsa na ƙarshen layi, ƙofa ɗaya, ƙasa duk garin katako. Hannunsa na da kyau, kuma bai taɓa yarda ya sa wa ƙofofi biyu kwaɗo iri ɗaya ba. Amma da ƙanwarsa, malamar asibiti, ta buɗe masa shafin tallan gadaje a intanet, da imel, da ma'ajiyar hotuna, kalmar sirri ɗaya ya ba su duka: bakomai. Wai shi nan dabara ce. In abokan hira suka tsokane shi ya faɗi kalmar, sai ya ce "Ba komai," su yi dariya, shi ma ya yi, don ya faɗa kuma ba su ji ba. Ƙanwar ta yi faɗa har ta gaji. Sunan shafin ma fa Ba Komai Kafinta ne, sai ka ce wanda ya rataye mukulli a jikin ƙofa.

Hotunan matarsa duk suna cikin ma'ajiyar nan, har da ɗan bidiyon da take dariya tana kakkaɓe masa gari daga gemu. Wayar da ya ɗauke su da ita ta daɗe da mutuwa.

Wata safiya shafin ya ƙi buɗewa, imel ɗin ma haka. Wani can ya gwada sunan, ƙofa ta buɗe, ya shiga ya sauya kwaɗo. Ƙanwar ta nemi a turo lambar ceto, ashe tana zuwa ne tsohon layin wayar da yayanta ya yar tuntuni.

Yanzu kowane sabon shafi da kalmarsa, doguwa, wadda ba ta haɗa hanya da sunansa ba, kuma ko ƙanwar bai gaya wa ba. Gadajen ya sake ɗaukarsu hoto. Na matar ne babu inda zai samo, kuma abin yana cinsa.

Maƙwabcinsa mai walda ya leƙo jaje, ya dafa shi ya ce, "Haƙuri, maigida, ba komai."

Kafinta bai ɗago daga katakon da yake gogewa ba.

"Da komai," ya ce.