Ranar da Yayana Ya Dawo daga Zaman Majalisa

Yayana manomin doya ne kafin mutanen mazaɓarmu su tsayar da shi kansila. Ni a lokacin ina ɗinki a Lugbe, sai ƙarshen mako nake zuwa ƙauye. Duk ranar zaman majalisa yakan wanke babur ɗinsa da sassafe ya kama hanyar sakatariya, ko ana ruwa. Abokansa har tsokanarsa suke yi, wai shi kaɗai ya ɗauki kujerar nan kamar aikin coci.

A bayan ƙauyenmu akwai kwarin da mata ke haƙar yumɓu. Daga nan mahaifiyarmu ta gina tukwanen da ta ciyar da mu. Da aka fara raɗe-raɗin za a ba masu gina gidaje wurin, matan suka cika tsakar gidanmu. Yaya ya ce musu su kwantar da hankalinsu, maganar za ta zo gaban majalisa, kuma yana nan.

Ranar zaman ina gida. Ya dawo da la'asar, ya jingine babur, bai ko cire takalmi ba ya zauna kusa da Mama, tana shafe bakin wata randa.

"Yaya aka yi?" in ji ta.

"Mama, an riga an gama. Ciyaman da manyan muƙarrabansa sun zauna tun makon jiya. Mu karanta mana kawai aka yi."

"Ba ka yi magana ba?"

"Na ɗaga hannu har ya gaji. Da aka ba ni dama, ina cikin bayani wani ya ce, oga, ba wannan ke gabanmu ba yau."

Mama ta tsoma hannu a ruwa ta ci gaba da aikinta. Can ta ce mini in zubo masa abinci. Bai ci ba.

Kafin damina katafila ta shiga kwarin. Matan da suka goya shi yana jariri suka daina amsa gaisuwarsa da kyau. A kasuwa aka ce ya ci nasa ne ya yi shiru. Abin ya fi ƙona mini rai fiye da shi, don ni na ga fuskarsa ranar. Duk da haka bai fasa zuwa zama ba har wa'adinsa ya ƙare, sai dai ya daina ba mu labarin abin da aka tattauna. Da aka nemi ya sake tsayawa, ya ce gonarsa na jiransa.

Mama ta gwada sayen yumɓu daga wani ƙauye, ta ce ba ya jin hannunta, tukwanen suna tsagewa a wuta. Ta bari. A shekarunta na ƙarshe, da hantsi takan zauna a gindin mangwaro, hannuwanta a kan cinya. Yaya in ya taso daga gona sai ya zauna gefenta, su yi ta hirar doya da ruwan sama.