Hancin Maigidana

Mijina ba shi da gona, ba shi da babur. Hanci gare shi, kuma da shi muke ci muke sha. In aka kawo masa turaren Turai mai tsada ya shinshina, sai ya zauna da 'yan kwalaben mayukansa ya haɗa mai kama da shi, har mai na asalin ya rikice. A shekarar da abin ya faru, wani turaren Faransa ne ya haukata samarin Ibadan, kowa na so, aljihu ya ƙi. Mijina ya dace da haɗinsa, teburinsa na bakin titin unguwar Mokola ya koma kamar wurin rabon zakka.

Matsalarsa ɗaya, Yarabanci. Ni a Sabo, unguwar Hausawan Ibadan, aka haife ni, ina jin sa yadda jakin Kano ke jin Hausa. Shi kuwa da gemunsa ya zo daga Katsina, yana tsintar kalmomi a titi. Na sha gaya masa ya tsaya a kan Turancinsa na broka, amma ina, Bakatsine ne.

Wata rana na kai masa abincin rana, na tarar da wani ƙato, shugaban 'yan tasha, tare da yaransa da budurwarsa. Mijina ya goga masa haɗin a wuyan hannu, ya sunkuya ya shaƙa, ya ɗago da fara'a ya ce da ƙarfi, "Oga, o n run!"

A zatonsa ya ce "kana ƙamshi". Abin da ya faɗa shi ne mutumin yana wari. Budurwar ta tuntsire da dariya, dariyar nan ce ta gama da mu.

Ƙaton bai ko yi zagi ba. Ya ɗauki babbar kwalba ya sauke wa mijina a tsakiyar fuska, na ji ƙarar ƙashi. Yaransa suka kife teburin, suka hau shi da shuri, a ciki, a haƙarƙari, a ka. Ina ihu da Yarabanci cewa baƙo ne, bai san me ya ce ba, babu mai saurare. Sai na fasa wa ɗaya kular miya a ƙeya, na kafa haƙori a kunnen wani har na ji gishirin jini. Ban yi nadama ba, da na samu da na cire kunnen. Wani ya haure ni na faɗa kan fasassun kwalabe. Da 'yan dako daga Sabo ba su rugo da sanduna ba, da gawa zan ɗauko. Jini da turare suka cakuɗe a kwalta, har yau ƙamshin nan tayar min da zuciya yake.

Hancin ya warke a karkace. Muka gode Allah, muka sake sayen mayuka.

Ranar da ya koma haɗi, yana zaune a ƙofar ɗaki, wake ya ƙone min ƙurmus a bayansa. Mutumin da ke jin ƙauri tun daga masallaci ya dawo yana tsiya, bai ko waiwayo ba. Na tsaya da ludayi a hannu ina kallon ƙeyarsa, tsoro ya kama ni.

Can ya miƙo min kwalbar, bai dube ni ba.

"Uwar yara," ya ce a hankali, "ji min wannan. Ƙamshi yake, ko wari?"